Taba Sigari, Nikotin da Ciwon Daji: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ya Rage Gare Mu

1.0 Gabatarwa

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana sayar da katako a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja. Tun ina yaro ban taɓa ganin aljihun rigarsa babu kwalin sigari da ashana ba. Wata rana da na kai masa ziyara lokacin hutu, na ji muryarsa ta dushe, sai na ce, "Kawu, wannan murar ta daɗe, ya kamata a je asibiti." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ƙurar katako ce, in damina ta sauka za ta washe." Damina ta sauka ta ɗauke, murya ba ta washe ba. Da aka je asibiti daga baya, likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko a kan gadon jinya sai da ya roƙe ni in sayo masa kara ɗaya. Na ce, "Haba Kawu, ita ce fa ta kawo mu nan." Ya ce, "Na sani, ɗana. Ba ni ke so ba, jikin ne ke nema." Bai cika shekara ba bayan wannan magana ya rasu.

Wannan magana tasa ce ta sa na shiga karance-karance a kan taba, duk da cewa ni ɗalibin harshe ne, ba na likitanci ba. Na so in san abin da ke cikin taba da ke haddasa ciwon daji, da kuma abin da ke ɗaure mutum har ya kasa rabuwa da ita alhali yana ganin ajalinsa a cikinta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da masu bincike suka gano game da waɗannan abubuwa biyu, da matakan da aka ɗauka daga Abuja, sannan ta dubi gudummawar da mu ɗaliban Hausa za mu iya bayarwa.

2.0 Kalmomin da Muke Amfani da Su

Da yake mu ma'abota harshe ne, ya dace mu fara da kalmomi. Taba ba 'yar asalin ƙasar Hausa ba ce. Daga nahiyar Amurka ganyen ya fito, ya shiga Turai bayan shekarar 1492, ya iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma sunan ya biyo ganyen. Tun a farkon ƙarni na 17 malaman Tambutu da na Magrib suka yi muhawara a kan hukuncinta, har shahararren malamin nan Ahmad Baba ya yi rubutu a kai. Wannan ya nuna ta daɗe tare da mu, shi ya sa ta bar mana kalmomi da dama: akwai lofe ko tukunyar taba, akwai taba gari wadda ake haɗawa da kanwa a sa a baki ko a shaƙa, akwai fure wanda mata kan goga a haƙora tare da goro don ado. Har karin magana ta samu, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero. Sigari kuwa daga baya ta zo, ta kawo mana kara da kwali.

Haka kuma mu lura da aikatau "sha". Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan iska, kuma yana shan taba. Kalmar ba ta nuna wani haɗari, domin ta jera taba a sahu ɗaya da abubuwan da ke raya jiki. Ita kuwa cutar da muke magana a kanta tana da sunaye uku: ciwon daji, sankara, da kansa wadda aka aro daga Ingilishi. Sai abin da ke hana mutum dainawa, wanda wasu ke kira sabo, wasu jaraba, wasu kamu. Zan dawo kan wannan a gaba, domin zaɓen kalma a nan yana da tasiri a kan yadda muke kallon mashayi.

3.0 Yadda Aka Gano Alaƙar Taba da Ciwon Daji

A farkon ƙarni na 20 ciwon dajin huhu ba kasafai likitocin Turai ke ganinsa ba. Amma bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da sigari ta yi araha ta bazu, sai ya yawaita ƙwarai. A Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka shiga asibitoci 20 na Landan suna yi wa majinyata tambayoyi. Da farko Doll ya fi zargin hayaƙin motoci da kwaltar da ake shimfiɗawa a tituna. Sakamakon da suka wallafa a 1950 ya nuna cewa daga cikin maza 649 masu ciwon dajin huhu, 2 ne kacal ba sa shan taba. Shi kansa Doll mashayi ne, amma ya daina tun kafin a kammala aikin. A cikin wannan shekarar, Ernst Wynder da Evarts Graham suka fitar da sakamako makamancin wannan a Amurka.

Masu ja da sakamakon suka ce ai majinyaci yana iya mantuwa ko ya yi ƙari. Saboda haka a 1951 Doll da Hill suka sake dabara. Suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya game da shan tabarsu tun suna da lafiya, aka ci gaba da bibiyar maza sama da 34,000 daga cikinsu har tsawon shekara 50. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2004 ya nuna cewa wanda ya dawwama yana sha, a matsakaicin lissafi, yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Amma akwai albishir a ciki: wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukkan shekarun nan 10, mai shekara 40 ya tsira da kusan 9, mai 50 kusan 6, mai 60 kuma kusan 3. Wato babu lokacin da za a ce an makara.

A ranar 11 ga Janairun 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar a hukumance cewa sigari na haddasa ciwon dajin huhu. Daga nan kuma a 1981 Takeshi Hirayama na ƙasar Jafan ya nuna cewa matan da ba sa shan taba, amma mazansu na sha, sun fi sauran mata kamuwa da wannan ciwo. Ke nan hayaƙin bai tsaya kan mai busa shi ba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, shaƙar hayaƙin wasu kawai suka yi.

4.0 Me Ke Cikin Hayaƙin?

Idan aka kunna kara ɗaya, wutar tana fitar da sinadarai sama da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wasunsu suna cikin baƙin danƙon nan da ke rina yatsu da haƙoran mashayi, wanda za mu iya kira kwaltar taba.

Don mai karatu ya fahimci yadda abin ke faruwa, sai mu ɗauki misali daga fagenmu. Jikin mutum ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu na gado, wanda masana ke kira DNA, mai faɗa mata lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi wannan rubutu. Mu da ke nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami mun san abin da ke faruwa idan tawada ta zuba a kan shafi: mai kwafa zai karanta ba daidai ba, ya rubuta kuskure, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji kuskuren. Haka gubar hayaƙi ke yi. Tana manne wa rubutun gado, a kwafe shi da kuskure. Jiki yana gyara da yawa daga kurakuran, amma idan suka taru a wuraren da ke ba da umurnin tsayawa, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta zama ƙari, ta bazu zuwa wasu sassa. Wannan shi ne ciwon daji.

A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wani sinadari na hayaƙin taba mai suna benzofayirin yana lalata daidai wuraren da aka saba ganin lalacewa a ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayoyi birki. A 2016 kuma wani binciken ya ƙiyasta cewa shan kwali ɗaya kullum na tsawon shekara guda yana barin kurakurai kimanin 150 a cikin kowace ƙwayar huhu. Akwai kuma wasu sinadarai da ake kira naitirosamin, waɗanda ke samuwa tun lokacin da ake busar da ganyen ana sarrafa shi. Stephen Hecht na Jami'ar Minnesota ya shafe shekaru yana nazarinsu, har aka kai ga iya auna ragowarsu a fitsarin mashayi, da ma na yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Wannan ya shafi taba gari ma, wadda ba a ƙonawa. Binciken da aka yi a Sudan a kan tabar baki da suke kira tumbak ya gano tana ɗauke da naitirosamin mai yawan gaske, kuma an danganta ta da ciwon dajin baki. Ita kuma kanwar da ake haɗawa da taba aikinta shi ne sauƙaƙa wa nikotin ratsa fatar baki ya shiga jini. Shisha ma, wadda ta cika wuraren shaƙatawa a Wuse da Gwarinpa, ruwan da ke cikin tulunta sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya tace guba, ga kuma hayaƙin gawayi a kai.

Bayan huhu, inda taba ke da alhakin kimanin kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa, tana haddasa ciwon daji a baki, maƙogwaro, maƙoshi, ciki, hanta, ƙoda, mafitsara, hanji da bakin mahaifa.

5.0 Nikotin: Turken da Ke Riƙe Mashayi

Sunan nikotin ya samo asali ne daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, wanda ya aika da taba zuwa fadar ƙasarsa wajen 1560 a matsayin magani. A 1828 wasu masana biyu a Jamus suka fara ware sinadarin daga ganye. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, nikotin ba shi ne babban mai haddasa ciwon daji ba. Wani likitan Ingila, Michael Russell, ya bayyana a 1976 cewa nikotin ne ke sa mutane shan taba, amma kwaltar ce ke kashe su. Nikotin turke ne, hayaƙi kuwa shi ne wuƙar.

Idan mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yakan sa a saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗi kuma ya so maimaita abin da ya yi. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan wuraren karɓar nikotin, ta saba da samunsa. Matsalar ita ce ba ya daɗewa a jini, domin cikin kamar awa 2 rabinsa ya fice. Da ya ragu sai mutum ya ji ƙunci, saurin fushi, rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Ya kunna wata, ya ji sauƙi, ya ɗauka taba ce ke kwantar masa da hankali, alhali damuwar da ita ta haifar ce ta ɗauke na ɗan lokaci. Shi ya sa mashayi ya fi matsuwa da karan farko na safe, bayan jiki ya kwana babu.

Har ila yau akwai ɓangaren al'ada. Mai shan kara 20 a rana yana kai hannu baki sau ɗaruruwa, kuma kowane kara yana da abokin tafiya: bayan cin abinci, a teburin mai shayi, a majalisar abokai, ko lokacin jiran fasinja a tasha. Daga baya ganin wurin kaɗai ya isa ya tayar da sha'awa. A 1988 rahoton babban likitan Amurka ya tabbatar da cewa kamun nikotin yana bin hanya irin ta hodar iblis da makamantanta. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, amma a nan ina ganin karin maganar ta yi wa mashayi tsauri. Kawuna ba wawa ba ne, ya iya lissafin katako fiye da ni. Ya fara sha ne tun yana yaro, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa ba, kuma bincike ya nuna mafi yawan mashaya a shekarun ƙuruciya suke farawa.

6.0 Inda Bincike Ya Dosa

6.1 Rage Nikotin a Cikin Sigari

Idan nikotin ne turke, me zai hana a tuge shi? Wannan ita ce shawarar da Neal Benowitz da Jack Henningfield suka kawo a 1994, cewa a tilasta wa kamfanoni rage nikotin har ya kasa kama sabon mashayi. An ji tsoron kada mashaya su ƙara yawan abin da suke sha don cike giɓi, su ƙara shaƙar guba. Don warware wannan, Eric Donny da Dorothy Hatsukami da abokan aikinsu suka yi gwaji da mashaya 840 a Amurka na tsawon mako 6, suka wallafa a 2015. Sigarin da aka saba tana da nikotin miligiram 15.8 a kowane giram na taba, su kuwa suka ba wasu mai miligiram 0.4 kacal. Waɗanda suka sami mai ƙarancin nikotin sun rage yawan karan da suke sha a rana, kuma kamun ya sassauta musu. Wani gwajin na 2018 da mutum 1,250 ya nuna cewa ragewa gaba ɗaya lokaci guda ta fi ragewa sannu a hankali wajen rage gubar da ke shiga jiki.

Sai dai tsakanin sakamakon bincike da doka akwai tafiya. Ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar rage nikotin a 2022, amma sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 tun kafin ta fara aiki. A Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gabatar da shawarar ƙayyade nikotin a miligiram 0.7. Ya kamata a lura cewa sigari mai ƙarancin nikotin tana nan da gubarta, amfaninta kawai shi ne sauƙaƙa rabuwa da ita.

6.2 Magungunan Taimaka wa Mai Son Dainawa

Daga cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin dainawa da ƙarfin zuciya kaɗai, waɗanda ke cin nasara a yunƙuri guda ba su wuce 5 ba. Saboda haka aka samar da nikotin tsantsa marar hayaƙi, a cikin cingam ko filastar da ake liƙawa a fata, wanda ake rage ƙarfinsa mako bayan mako. Akwai ƙwayar bareniklin da aka amince da ita a 2006, wadda ke zama a gurbin nikotin a ƙwaƙwalwa, ta rage ƙishirwarsa, ta kuma rage daɗin sigari idan an koma. Akwai bufurofiyon, sannan akwai saitisin, wanda ake samu daga wani tsiro, ake kuma amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960, ga shi da araha. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko a kan jinyar kamun taba, inda ta amince da waɗannan magunguna, ta kuma ce sun fi aiki idan aka haɗa su da shawarwarin ma'aikacin lafiya. Dukkansu sai da umurnin likita ya kamata a sha. Wahalar dainawa ta fi tsanani a makon farko, takan lafa cikin mako 2 zuwa 4, kuma bayan shekara 10 haɗarin ciwon dajin huhu kan sauka zuwa kusan rabin na mai ci gaba da sha.

6.3 Gano Ciwo da Wuri

Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum sama da 53,000, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ɗaukar hoton huhun tsofaffin mashaya da na'urar hoto ta musamman yana rage mace-macen ciwon dajin huhu da kashi 20 cikin 100. Wannan hanya tana da tsada. Abin da kowa zai iya shi ne kula da alamu: dushewar murya ko tari da ya wuce mako 3, jini a cikin kaki, gyambon baki da ya ƙi warkewa, wahalar haɗiya, da rama ba dalili. Da mun san haka, da ba mu jira damina ba.

7.0 Abuja: Doka da Bincike

A Nijeriya, dokar farko ta taƙaita shan taba ita ce doka mai lamba 20 ta 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. Daga baya ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2004, ta tabbatar da ita a 2005. Sai dai a daidai wannan lokaci ne kamfanin British American Tobacco ya buɗe babbar masana'antarsa a Ibadan a 2003. A 2007 gwamnatin tarayya ta shigar da ƙarar wasu manyan kamfanonin taba a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, tana neman diyyar naira tiriliyan 5.3, kuma jihohi irin su Kano da Legas ma sun shigar da nasu ƙararrakin. A ranar 1 ga Yunin 2008, lokacin da Aliyu Modibbo Umar ke ministan Birnin Tarayya, aka hana shan taba a wuraren taruwar jama'a a Abuja.

A 2012 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka gudanar da binciken duniya na amfani da taba tsakanin manya, wanda Nijeriya ce ta fara yin sa a Afirka kudu da Sahara. An gano cewa kashi 5.6 cikin 100 na manya suna amfani da taba, wato kashi 10 na maza da kashi 1.1 na mata. Adadin bai kai na ƙasashe da yawa ba, kuma wannan dama ce, domin hana wuta kamawa ya fi kashe gobara sauƙi.

A Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana talla, ta kuma tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai sha a inda aka hana. Daga 2018 aka ɗora harajin naira 1 a kan kowane kara, aka ƙara shi a shekarun da suka biyo baya. Daga Yunin 2021 aka wajabta sa hoton gargaɗi a rabin fuskar kwali. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco, sannan a 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a finafinai, abin da ya shafi masu shirya finafinan Hausa kai tsaye.

Amma duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Nyanya ko Gwagwalada ya san har yau kara-kara ake saye. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Yaron da ba shi da kuɗin kwali yana da kuɗin kara ɗaya, kuma mai sayen kara ba ya ganin hoton da ke jikin kwali.

A fagen bincike, akwai rajistar masu ciwon daji a Asibitin Ƙasa na Abuja, wadda tare da ta Ibadan ta ba da alƙaluman shekarun 2009 da 2010. Sun nuna ciwon dajin mama da na bakin mahaifa ne kan gaba a mata, na mafitsarar maza wato furostet kuma a maza. Sai kuma Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NICRAT, da dokar 2017 ta kafa, ta kuma fara aiki a Abuja a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Muhimmancin rajista shi ne, ciwon da taba ke jawowa yakan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 30 da fara sha. Yaran da ke koyon shisha yau, sai nan gaba za su bayyana a cikin alƙaluma.

8.0 Ina Ɗalibin Hausa Ya Shigo?

Binciken da na ambata duk da tambaya aka yi shi, tambaya kuwa da harshe ake yin ta. Idan ma'aikacin bincike ya tambayi tsohuwa, "Kina shan taba?" za ta ce a'a, har ma ta ji an ci mata fuska, alhali ga taba gari a ƙasan leɓenta, domin a wurinta wannan ba sha ba ne. Matashi mai shisha ma zai ce ba ya shan taba. Tambayar da ba a fassara da kyau ba tana haifar da alƙaluman ƙarya. Wannan aikinmu ne.

Na biyu shi ne ƙirƙirar kalmomi. Muna buƙatar daidaitattun kalmomi na nikotin, da wahalar da ke biyo bayan dainawa, da shaƙar hayaƙin wani. Ni a ganina "kamu" ta fi dacewa da halin mashayi, domin "sabo" ta yi sauƙi da yawa, "jaraba" kuma tana ɗauke da zargi, wanda aka zarga kuwa ɓuya yake yi, ba ya zuwa asibiti. Haka nan sunan "daji" yana sa wasu su ɗauka cutar ta iskoki ce ko jifa, su ɓata watanni kafin su ga likita.

Na uku, gargaɗin da ke jikin kwali da Ingilishi yake. Kawuna ya yi shekaru yana ɗauke da wannan gargaɗi a aljihu, amma ajami kaɗai ya iya karantawa. Muna da rediyo, wasan kwaikwayo, waƙa, gajeren labari da kafofin intanet. Wanda ya iya sarrafa harshe zai iya isar da abin da Doll ya gano zuwa tashar mota da majalisar unguwa.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa gubar hayaƙi ce ke haddasa ciwon daji ta hanyar lalata rubutun gado, nikotin kuma shi ke hana mutum rabuwa da hayaƙin. Bincike ya samar da magunguna, ya nuna amfanin rage nikotin, ya kuma tabbatar cewa dainawa tana da riba a kowane shekaru. Dokoki ma an kafa su a Abuja, saura aiwatarwa. Shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi da bai fara ba ita ce kada ya karɓi karan farko, ko bututun shisha, ko da sunan gwaji. Wanda ya riga ya fara kuma ya sa rana, ya faɗa wa abokansa, ya nemi likita, in ya faɗi ya sake tashi, domin mafi yawan waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa. Mu kuma da muke da mashaya a gidajenmu, mu bar gori, mu raka su asibiti tun murya ba ta dushe ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.